Firjin Inna da Wutar Garinmu

Ranar wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da nake aji uku a firamare. Muna zaune a kan tabarmi, Malam Isiyaku yana rubuta mana lissafi a allo, sai muka ji rurin wata babbar mota irin wadda ba mu saba ji ba. Ƙauyenmu yana ƙasar Sandamu ne, ba nisa sosai da Daura, amma a lokacin abin da ke bi ta hanyarmu bai wuce amalanken shanu da babura da akori-kurar ranar kasuwa ba. Yaran da ke kusa da taga suka fara miƙa wuya. Malam ya daka musu tsawa, sannan shi ma ya leƙa. Motar doguwa ce, ta ɗauko wasu dogayen turaku na siminti an jera su kamar azara, leburori na zaune a kai sun ɗaure fuska da ƙyalle. Malam ya ajiye alli, ya kakkaɓe hannunsa, ya ce, "Yara, wuta ce ta zo garinku." Ba wanda ya jira ƙararrawa. Muka kwasa a guje cikin rairayi mai zafi, yawancinmu ba takalmi, muna bin motar muna ihu har ta tsaya a gindin kukar da ke bakin masallaci. Ko da na isa, na tarar da yayana Sani ya riga kowa, har ya sa hannu yana taya leburori riƙe igiya.

Kafin wannan rana, hasken gidanmu a hannuna yake. Ni ce mai wanke gilashin fitilar ƙwai kowace la'asar, da toka da tsumma, ina yi ina riƙe numfashi don kada ya suɓuce. Ni ce kuma mai zuwa sayo kananzir a wata koriyar kwalba da muka toshe bakinta da totuwar masara. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ba ta yarda da fitilar ƙwai ba ma. Aci-balbal ɗinta take kunnawa da man gyaɗa, ta ce hayaƙin kananzir yana sa ta tari. Mahaifiyarmu kuwa, Inna, tun asuba take kan turmi. Ta yi surfe, ta sheƙe, ta wanke, sannan a ɗora mini ƙwarya in tafi niƙa ƙauyen da ke gaba da mu, inda ake da inji mai shan gas. Sau da yawa in isa in tarar da layin ƙore da kwanuka har waje, mai injin yana kwance a benci ya ce mai ya ƙare. In juyo da kayana, Inna ta durƙusa gaban dutsen niƙa har tafin hannunta ya yi ja. Duk da haka ban tuna muna jin kanmu a wahala ba. Da damina muna bin Baba gona mu yi shuka, mu kori tsuntsaye daga gero. Da kaka mu yi kalar gyaɗa mu gasa a karan dawa. In an yi farin wata kuma mu fita dandali bayan isha'i, 'yan mata mu yi gaɗa, maza su yi langa, sai an leƙo an kira sunan mutum sau biyu kafin ya koma gida.

Sani ya girme ni da shekara biyar, kuma tun yana ƙarami hankalinsa ba ya kan shanu, duk da cewa Baba manomi ne mai fataucin dabbobi kuma shi yake so ya gaje shi. Matattun batura yake bi yana tsinta a bola, ya shanya su a rana, ya jera su cikin ɓawon kara, ya haɗa da ƙwan tocila. Motocin da yake ƙerawa da gwangwani har fitila gare su. Shi ya sa zuwan turakun nan ya fi shiga ransa fiye da kowa. Aka haƙa ramuka aka kafa su tun daga bakin titi har tsakiyar gari, leburori suka tafi, muka zuba ido. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ba waya ba labari. Mutane suka fara ɗaure jakuna a jikinsu, mu kuma muka mai da su wurin da ake taɓawa a ce an sha idan muna wasan tsere. Duk lokacin da Iya ta bi ta gefen wanda ke ƙofar gidanmu, sai ta ɗaga kai ta dube shi ta ce, "An dai shuka su, sai mu jira su yi 'ya'ya."

A shekara ta uku aka zo aka ja waya, aka gina dakali kusa da kuka aka ɗora taransifoma, aka kewaye ta da shinge. Malam Isiyaku ya yi mana bayani a aji cewa wutar daga nesa take tasowa, daga wasu manyan madatsun ruwa da tashoshi da ke can kudu da mu, ta ratso dazuzzuka da garuruwa a kan waya kafin ta iso. Na dawo gida da ɗokina na faɗa wa Iya. Ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi ta dube ni. "Ruwan da ke kashe wuta, shi ne kuma yake haifar ta? Ku dai 'yan boko ba kwa rasa abin faɗa." Ranar da wutar ta zo, bayan magariba ne, muna zagaye da kwanon tuwo. Ƙwan lantarkin da Sani ya rataya a tsakar gida tun watanni ya yi wal, ya kama. Gaba ɗaya garin ya ɗauki sowa, kaji suka sauko daga inda suka kwanta. Abin da na fi tunawa shi ne fuskar Inna. Ta bi bangon ɗakin girki da kallo, ta ga baƙin hayaƙi da yanar gizo-gizon da fitila ba ta taɓa nuna mata ba, ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe haka muke zaune?" Washegari tun da safe ta raba mana tsintsiya.

Inna tana da awaki. Daga akuya ɗaya da aka ba ta lokacin aurenta ta tara su, kuma su ne madogararta: in ciwo ya taso a kama ɗaya, in salla ta matso a kama ɗaya a yi mana ɗinki. Wata rana da ta je suna Daura ta ga wata mata tana sayar da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi daga cikin gida, mutane na layi a zaure. Ta dawo ta kwana biyu tana juya abin, sannan ta samu Baba yana gyara igiyar shanu ta ce tana so a sayar da awakin a sayo mata firji. Baba ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Can ya ce, "Akuya dai tana haihuwa. Wannan akwatin fa?" Inna ta ce, "Malam, shi ma zai haihu in Allah ya yarda." Baba da kansa ya kora awakin kasuwa, ya bar mata 'yar ƙarama guda, ya dawo da firji na hannu a bayan akori-kura, an ɗaure shi da igiya a kan tsohuwar katifa. Maza huɗu suka shigo da shi, aka share masa wuri a ɗakin Inna, aka ɗora shi a kan bulo don kada ƙasa ta ci shi.

Daga nan gidanmu ya canja. Da yamma Inna ta dafa zoɓo da citta da kanumfari, ta jiƙa aya, ni da ita mu zauna muna ɗurawa a leda muna ƙullewa har yatsuna su yi zafi. Da safe in ɗauki kula in tafi da ita makaranta, kafin a gama hutun tara ta ƙare. Ranar da aka fara fitar da ƙanƙara na kai wa Iya guntu a tafin hannu. Ta yi saurin yar da shi ta ce ƙuna yake yi, amma bayan kwana kaɗan ita ce mai aiko ni a sa mata a fura. Azumin shekarar ya faɗo a ƙarshen damina, lokacin zafin nan na nunar gero, kuma tun la'asar zaurenmu yake cika da yara riƙe da kwanuka, har daga rugagen da ke kewaye. Idan zazzaɓi ya kama yaro a maƙwabta, wurin Inna ake zuwa a karɓi ƙanƙara a naɗe a tsumma, ba ta kuma taɓa karɓar komai a kan wannan ba. A cikin ribar firjin aka saya mini takalmin makaranta na farko, aka kuma saya wa Sani keken da yake zuwa Daura da shi koyon walda, bayan Baba ya haƙura ya ƙyale shi.

Sai dai wutar ba ta da alƙawari. Takan zo da hantsi ta ɗauke kafin azahar, takan yi kwana uku ba ta leƙo ba. Wani lokaci kuma ta zo ba ƙarfi, zaren cikin ƙwai ya yi ja kamar garwashi, firji ya riƙa gurnani yana kasa tashi. Ko Inna tana tsakiyar tuƙa tuwo, da ta ji wannan gurnanin za ta saki muciya ta ruga ta zare waya. Sani yakan ce mu ne a wutsiyar layi, sai kowa ya sha ya ƙoshi sannan ragowar ta iso mana. Sau da yawa kunun aya ya yi tsami mun zubar. Inna ta koyi naɗe ƙanƙara cikin buhu ta binne a ƙaiƙayi don ta kai gobe, ta koyi rage yawan abin da take haɗawa in ta ga an kwana biyu wutar na wasa. A haka muka ci shekara biyu, ana samu ana rasawa, amma samun ya fi yawa. Sani har ya zaɓi wurin da zai kafa rumfarsa a bakin hanya, inda zai riƙa gyaran garmar shanu da amalanke da ƙofofi, don mutanenmu su huta da ɗaukar ƙarfe zuwa Daura.

Hadarin farko na damina ta uku ne ya katse mana komai. Da la'asar ya haɗo daga gabas, iska ta taso tana kwashe jinka, muna ta rige-rigen shigar da shanya. Aka yi wata tsawa da ta sa na faɗa jikin Inna. Da ruwa ya tsagaita muka ji yara na kiran a zo a gani. Taransifoma tana hayaƙi, baƙin mai yana tsiyaya daga jikinta zuwa kan dakali. Dattawan gari suka yi ta zarya zuwa ofishin wuta, kullum a ba su haƙuri a ce garuruwa da yawa na kan layi, kayan kuma ba su isa ba. Wata ya bi wata har muka daina tambaya. Inna ta wanke firjinta tas, ta sa tsumma ta tokare ƙofar don kada ya yi wari. Da wata maƙwabciya ta ba ta shawarar ta riƙa ajiye kwanuka a ciki, sai ta ce, "Ba kabad ba ne. Hutawa yake yi." Ta koma suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, aikin da ke cin ƙirji da hayaƙi. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, amma wata safiya na gan ta tsaye a garken awaki, tana kallon turakun da babu komai a jikinsu sai ɗaya. Baba ma ya gan ta. Bai taɓa tuna mata maganar da ya yi ba. Ranar kasuwar da ta biyo baya ya dawo da wata jar akuya mai ciki, ya ɗaure ta a turke, ya wuce masallaci.

Wanda abin ya fi karyawa shi ne Sani. Ya gama koyon aiki, hannunsa ya faɗa, amma ba abin da zai jona injinsa. Ko a Daura, maigidansa rabin yini yake yi a zaune yana jiran wuta, in ya tayar da janareta kuma man ya cinye ribar. Wata safiya bayan girbi Sani ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna da jakarsa a gefe. Ya ce, "Inna, sana'ata wuta take ci. In na zauna nan hannuna zai mutu." Inna ta ci gaba da ƙulla masa ƙuli-ƙuli a leda, ba ta dube shi ba sai da ta gama. Ta ce, "Je ka, Allah ya tsare, ya ba da sa'a. Amma ka riƙe a ranka nan ne gida." Na raka shi bakin titi na riƙe masa jaka har motar Kano ta tsaya. Ba shi kaɗai ba ne. Telan da ya sayi keken ɗinki mai aiki da wuta ya bi bayansa, mai aski ma haka, da yaron da ya buɗe shagon sayar da lemo. Ya zamana in ba da salla ko lokacin shuka ba, da wuya ka ga saurayi mai sana'a a garin.

Ina sakandare a Daura lokacin da na fara ganin farantin sola. Wani ƙarami ne, bai fi faifai biyu ba, a kan rumfar wani mai cajin waya a tasha. Na tsaya ina kallo ina mamakin yadda ranar da ke ƙona mana ƙafa take cika batir. Bayan 'yan shekaru aka haƙa rijiyar burtsatse a garinmu aka sa mata irin farantan, ruwa ya riƙa hawa tanki ba mai jan guga. Daga nan sai masallaci, sai gidan wannan, sai shagon wancan. Iya ba ta ga wannan ba, Allah ya karɓi abarsa tun ina aji biyu na sakandare. Na tabbata da ta gani da ta sami abin faɗa. Daga baya an kawo sabuwar taransifoma, shekaru bayan ƙonewar ta farko. Ranar Inna ta jona firjinta da bisimilla, muka tsaya muna saurare. Bai motsa ba, dogon zama ya kashe injin. Ta shafa murfinsa ta ce ya yi abin da zai iya, ta sa aka fitar da shi.

Yanzu ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti da ke ƙasar Baure. A farkon aikina na karɓi haihuwa da fitilar waya a baki, hannuwana biyu na aiki. Yau akwai sola a rufinmu, ɗakin haihuwa da haske, allurar rigakafi tana kwana cikin sanyi. Ina gode wa Allah da wannan, amma idona yana ganin abin da ya rage. Garinmu ya faɗaɗa har ya cinye gonar da muke korar tsuntsaye, kowane gida da waya da fanka, yaran da ke fitowa daga makaranta sun ninka mu. Riɗinmu da gyaɗarmu ɗanyu ake lodawa a mota a kai wani wuri a matse, don ba wutar da za ta juya babban inji a nan. Tumatirin 'yan noman rani yana ruɓewa a kwando saboda ba ɗakin sanyi. Har yanzu in wani babban layi ya faɗi can inda ba mu taɓa zuwa ba, mu ne a duhu. Sola ta ɗauke mana nauyin fitila da ruwa da caji, amma aikin da zai riƙe matasa a gida yana buƙatar wuta mai ƙarfi wadda ba ta yanke wa mutum aiki a tsakiya, kuma buƙatar kullum ƙaruwa take yi. Abin da ke ba ni ƙarfin zuciya shi ne, yanzu mutanenmu ba zuba ido kawai suke yi ba. A kasuwar Daura za ka ga yaran gari, har da 'yan mata, sun iya haɗa faranti da batir, suna bin ƙauyuka a babur suna sa wa mutane.

Bara bayan girbi Sani ya dawo, da matarsa da 'ya'yansa da kayan aikinsa a bayan mota. Furfura ta fara fito masa a gemu. Ya kafa rumfa a bakin hanya, ya shimfiɗa farantai a rufinta daga wannan gefe zuwa wancan, ya sayi ƙaramin injin walda irin na zamani wanda ba ya cin wuta da yawa. Da rana yana aiki da hasken rana, in an kawo wutar gari ya juya kanta. Akwai wani babban injin yankan ƙarfe da ya zo da shi daga Kano, yana kusurwa a lulluɓe da tamfol. Ya ce wannan sai ranar da wutar gari ta tsaya da ƙafarta, kuma yana sa ran zai ga ranar. Yara uku 'yan garinmu suna koyon aiki a hannunsa. Baba bai kai ga ganin rumfar ba, shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma duk lokacin da na wuce na ga manoma sun jera garmuna suna jiran gyara, shi nake tunawa.

Juma'ar da ta wuce na je gaida Inna. Ta tsufa, gwiwa ta hana ta yawan tashi, muna zaune a inuwar darbejiya tana ɓare gyaɗa a faifai. Gidan ya yi mini faɗi, babu tarin Baba a zaure, babu muryar Iya daga ɗakinta. Can sai ƙarar injin gurza ƙarfe ta taso daga bakin hanya, ta ratso gidaje ta iso mu. Inna ta dakata da ɓarar, ta karkata kai. Ta ce, "Kin ji yayanki ko? Tun safe yake abu ɗaya, ba ya barin mutum ya runtsa da rana." Tana faɗa tana murmushi, ta ci gaba da aikinta. Na ci gaba da saurare, ina roƙon Allah ya yawaita mana irin wannan ƙara a garinmu.